Sau Uku Kacal Za a Ɗebi Jinin Yaro

Mai girma shugaban wannan taro, wanda shi ne shugaban asibitinmu. Iyayenmu farfesoshi, waɗanda har yau in suka yi gyaran murya sai mun gyara zama. Abokan aikina likitoci da nas-nas, da masu harhaɗa magani, da ma'aikatan ɗakin awon jini. Ɗalibai da nake hangowa can kusa da ƙofa, inda aka fi saurin sulalewa. Maigidan Malama da 'ya'yanta da jikokinta. Sauran jama'a maza da mata, amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina godiya ga waɗanda suka shirya taron, ina kuma godiya gare ku da kuka baro ayyukanku don a yi ban kwana da masaniyar ƙididdigarmu, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya a ofishi ɗaya, a ƙarshen barandar bene na biyu, tsakanin ɗakin ajiyar fayil da matattakala. Da aka ce ni, shugaban sashen yara, zan yi magana a madadin likitoci, na san an yi min tarko, domin kaf asibitin nan babu wanda ya yi rigima da ita kamar ni. To, na karɓa. Wanda ya fi kowa rigima da mutum, shi ya fi kowa sanin nauyinsa.

Baƙin da ke cikinmu za su ji ana ce mata Malama In-Kuma. Ɗalibai ne suka raɗa mata, don duk wanda ya kai mata tsarin bincikensa, yana murna ya gama, sai ta karanta tsaf, ta cire tabarau, ta ce, “Ya yi kyau. In kuma ba haka ba ne fa?” Na sha jin wannan tambaya, na kuma sha fita daga ofishinta ina huci. Yau labarin karo ɗaya kawai daga ciki zan ba ku, da abubuwa uku da na koya a cikinsa.

Shekara tara da suka wuce, aka kawo mana wani maganin jijjiga da ake sa ran zai taimaki yara ƙanana. An san yadda yake aiki a jikin manya, amma ba a san tsawon lokacin da yake yi a jinin yaro kafin jiki ya fitar da shi ba. Wanda bai san wannan ba kuwa, bai san sau nawa zai ba da maganin a rana ba. Hanyar sani ɗaya ce: a ba yaro magani, a riƙa ɗibar jininsa ana aunawa. Kwamitin da ke kare haƙƙin majinyata ya ba mu izinin yara sittin, ya kuma kafa mana sharaɗi: sau uku kacal za a ɗebi jinin kowane yaro, ko sau ɗaya ba za a ƙara ba. Kuma gaskiyarsu ce. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun ɗan shekara biyu ana neman jijiya, uwar tana kawar da kai, ya san sau uku ma ba kaɗan ba ne.

Ga inda matsalar take, ina roƙon ku saurara da kyau. Kamar a ce maka baƙo zai sauka a tasha, ya ɗan zauna, ya wuce, kuma sau uku kawai aka yarda ka leƙa tashar. Kafin ka zaɓi lokutan leƙawa, sai ka san lokacin zuwansa da na tafiyarsa. Alhali kuwa abin da aka aike ka ka gano ke nan. Dole ka fara da zato. Wannan shi masu ƙididdiga suke kira zaton farko, kuma a kansa ake gina tsarin gwajin gaba ɗaya. In zaton ya yi kusa da gaskiya, leƙe uku ya wadatar. In ya kauce, ka je sau uku ka dawo hannu rabbana. A wurinmu, kaucewa na nufin allura ɗari da tamanin a jikin yara marasa lafiya, a banza.

Ni kuwa a lokacin ina ganin ba ni da wannan damuwa, don na riga na yi ɗan gwajin share fage da yara shida. A jikinsu maganin ya kai ƙololuwa a awa biyu, kafin awa takwas ya kusa ɓacewa. Su shida ɗin nan bakinsu ɗaya, layukansu a takarda kamar an ja su da rula. Na sa kwamfuta ta fitar min da lokuta mafiya dacewa: awa ɗaya, awa biyu, awa shida. Na ɗauki takardata na haura bene, ba neman shawara na je ba, sa hannu kawai nake so.

Abu na farko da na koya shi ne, kafin ka gaskata sakamakon ƙaramin gwaji, ka tambayi su wa aka gwada. Malama ba ta ko kalli lokutana ba. Ta ce, “Likita, su wane ne yaran nan shida?” Na ce lambobinsu na nan a takarda. Ta ce, “Ba lamba na tambaye ka ba. Ya aka yi su ne suka shiga, ba wasu ba?” Gaskiya ban taɓa tambayar kaina ba. Washegari da safe sai ga ta a ɗakin yara, ita da ba ta iya kallon jini, ta ja kujera kusa da babbar nas ɗinmu, wadda kowa ke kira Sista Babba, suka buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Ashe dukansu shida yara ne da suka murmure, ana shirin sallamarsu, masu ƙiba, masu cin abinci, waɗanda iyayensu suka saki jiki har suka yarda a yi ta ɗibar jini. Kuma ƙarfe huɗu na yamma muka tsaya, saboda iyayen za su tafi gida. Yara sittin da za mu gwada kuwa, fiye da kashi ɗaya cikin uku masu tamowa ne, waɗanda hantarsu da ƙodarsu ba sa aiki da ƙarfin na masu lafiya.

Ta ce min, “Likita, ka ɗanɗana miya daga saman tukunya ba ka juya ba. Abin da ka ji gaskiya ne, amma gaskiyar sama ce.” Raina ya ɓaci, na ce to a zubar da gwajin gaba ɗaya mana, a raba lokutan ko ta yaya, tun da aikina bai da amfani. Nan ta ba ni amsar da har yau nake maimaita wa ɗalibaina. Ta ce, “A'a. Yaran nan sun ba da jininsu, ba za mu zubar ba. Amma yara shida, shida ne. Kai kana so ka ɗauke su kamar ɗari shida, yanzu kuma cikin fushi kana so ka mai da su sifiri. Za mu ba su nauyin da ya kamace su, mu bar sarari a gefe.”

Abu na biyu shi ne yadda ta auna faɗin wannan sarari, kuma a nan ne na ga abin da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Ta tara mu biyar a ofishinta: ni, da mataimakina, da mai harhaɗa magani, da shugaban ɗakin awon jini, da Sista Babba. Ta yaga takarda gida biyar, ta ce kowa ya rubuta mafi ƙarancin lokacin da yake jin maganin zai iya yi a jikin yaro, da mafi tsawonsa, ya ninke, ya jefa a wani tsohon gwangwanin biskit da take ajiye alƙaluma. Ta hana mu magana kafin mu rubuta. Na ce, “Malama, zaɓe za mu yi?” Ta ce, “In na bar ka ka fara magana, sauran huɗun nan bakinka za su ara. Ni kuma ra'ayinka sau biyar ba shi da amfani a wurina.” Mataimakina ya sunkuyar da kai yana danne dariya, yana nan zaune, ya musa in ya iya.

Ta buɗe takardun. Ni na rubuta awa shida zuwa takwas. Mataimakina, wanda ya san halina, ya rubuta shida zuwa tara. Mai magani ya kai sha huɗu. Takardar Sista Babba kuwa, babu lamba a ƙarshenta. Ta rubuta: “Awa shida, zuwa gobe da safe.” Na yi dariya, Allah ya yafe min, na ce ai wannan ba kimiyya ba ce. Malama ta juya ta ce, “Sista, me kika gani?” Sista ta ce, “Ni dai ban san lissafi ba, Malama. Amma shekara ashirin ina ba yara dangin wannan magani. Masu ƙiba kafin la'asar sun tashi suna ƙiriniya. Ramammun nan kuwa, washegari sai an yi ta jijjiga kafaɗarsu kafin su buɗe ido su karɓi nono. Na sha faɗa, ana cewa rashin ƙarfi ne.” Wanda yake cewa rashin ƙarfi ne, jama'a, shi ne yake tsaye a gabanku.

Malama ba ta ce Sista ce da gaskiya ba, ba ta kuma ce ni ne da kuskure ba. Ta haɗa takardun biyar da sakamakon yara shida, ta gina zato mai faɗi, wanda tsakiyarsa tana kusa da abin da na gani, jelarsa kuma ta miƙe har gobe da safen Sista. Sannan ta sa kwamfuta ta ƙirƙiri yaran ƙarya dubbai, masu saurin fitar da magani da masu jinkiri, ta gwada tsarina a kansu, ta gwada nata. Nata shi ne a raba yaran kashi uku, ashirin-ashirin, a cakuɗa masu ƙiba da ramammu a kowane kashi. Kashi na farko a ɗebi jininsu a lokutan da na zaɓa. Na biyu a ja ɗibarsu ta ƙarshe zuwa yamma. Na uku kuwa sai washegari da safe, awa ashirin da huɗu cif.

Ta ɗora min takarda mai layi biyu. Ta ce, “In kai ne da gaskiya, tsarinka ya fi nawa, kai kana da maki ɗari, ni ina da tamanin da takwas. In Sista ce da gaskiya, ni ina da tamanin, kai ba ka kai ashirin da biyar ba. Zaɓi wanda za ka iya tsayawa gaban kwamiti da shi.”

Ina so in ce muku nan take na miƙa wuya, amma shugabanmu yana zaune, ba zai bar ni in yi ƙarya ba. Na sauko na rubuta masa wasiƙa shafi biyu, cewa a canza min masanin ƙididdiga, don wannan tana jawo min jinkiri, tana kuma son tsare iyaye ashirin kwana guda saboda zancen da ba shi da hujja. Ya karanta a gabana, ya ninke, ya miƙo min, ya ce, “Ta rubutu da kyau. Kai mata da kanka.” Na sa ta a aljihu, na haura bene da ita. Da na isa ƙofar, sai na ji Malama tana bayyana wa wani ɗalibi aikinsa a hankali, karo na uku, ba tare da ta ɗaga murya ba. Kunya ta rufe ni. Na shiga na ce mata na yarda. Malama, yau kika fara jin labarin wasiƙar nan, ina neman afuwa a gaban jama'a.

Abu na uku gajere ne. Kafin a ɗebi ɗigon jini ko ɗaya, ta sa muka rubuta zatonmu da dalilansa, da kwanan wata, mu biyar muka sa hannu, ta kai wa kwamiti kwafi. Ta ce zuciyar mutum tana da wayo: in sakamako ya fito, kowa zai rantse abin da ya zata ke nan tun farko. Bayan haka ta zagaya gadajen da kanta, tana gaya wa iyayen kashi na uku dalilin ƙarin kwana. Ba ta ce musu ta san abin da za a samu ba. Cewa take yi, “Baiwar Allah, ba mu sani ba ne, shi ya sa muke roƙonki.” Ni da na ɗauka za su ƙi, biyu ne kawai suka ƙi, muka sami wasu a madadinsu.

Wata bakwai muka yi. Da sakamako ya fito, yara masu ƙiba suka bi layin yarana shida sak, har na fara gyara wuyan riga. Sai aka zo kan masu tamowa. A jikinsu, bayan awa ashirin da huɗu, fiye da kashi ɗaya cikin uku na maganin yana nan daram. Ni kuwa da ma na shirya ba da shawarar a riƙa ba kowane yaro sau uku a rana. A jikin irin waɗannan yara, da ya yi ta taruwa, na yau a kan na jiya, har ya kai inda yake danne numfashi. Malama ta lissafa min abin da tsarina zai nuna da shi muka bi: da mun ga alamar akwai wani abu, amma ba yadda za mu iya faɗin girmansa. Da sai dai mu koma wa kwamiti mu ce mun soki yara sittin, a ba mu wasu sittin.

Na je na ce mata, “Malama, ashe kin sani.” Ta ce, “Wallahi ban sani ba, Likita. Ni ma na fi zaton kai ne da gaskiya. Sista ce ta sani. Ni kujera kawai na ajiye wa amsar, ko da za ta zo daga inda ba mu zata ba.” Ku dubi wannan, jama'a. Da ni ne, da har masu gadi sai sun ji labari. Ita kuwa ta dage sai da aka sa sunan Sista Babba a cikin marubutan rahoton, gaba da nata.

Ku ɗalibai, musamman ku na bakin ƙofa, ina roƙonku da girman Allah: in kun yi ƙaramin gwaji ya yi muku kyau, ku ji tsoron kyansa. Ku tambayi su wa kuka gwada, ku tambayi ƙarfe nawa kuka daina kallo, ku tambayi wadda ta fi ku daɗewa a bakin gado, kuma ku bar ta ta yi magana kafin ku. Ku likitoci abokaina, kada ku kai wa mai ƙididdiga aiki bayan an gama, kuna neman ya yi masa kwalliya. Ku kai masa tun babu abin da aka taɓa. Ku kuma shugabanni, ofishin nan na ƙarshen baranda zai zama fanko ranar Litinin. Kada ku cike shi da wanda zai riƙa sa mana hannu don mu ji daɗi.

Saura abu ɗaya, sannan in zauna. A cikin kashi na uku akwai wata yarinya 'yar shekara biyu da rabi, ramammiya ƙwarai. An ɗebi jininta sau uku lafiya. Bayan kwana tara ciwon haƙarƙari ya kama ta, muka yi iya yinmu, Allah ya karɓi abarsa. Bayan an gama binciken, wata rana ina duba marasa lafiya, sai ga mahaifiyarta ta bi layi tun safe, ba yaro a bayanta, ba kati a hannunta. Da ta shigo ta gaishe ni, ta ce, “Likita, ba ƙara na kawo ba, na san kwana ne ya ƙare. Tambaya ɗaya ce ta tsaya min a rai. Ranar da aka ɗebi jinin nan na uku, ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma ni na riƙe muku ita. Don Allah ka gaya min gaskiya: ya yi amfani?”

Na duba littafina na nemo lambar yarinyar, na ce ta biyo ni. Muka haura bene. Malama ta ba ta kujerarta, ta ciro takardar sakamako mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo awon jinin yaro ɗaya, ta shimfiɗa a tebur, ta bi ɗigogin da bayan alƙalami har ta kai can gefen dama, inda 'yan ɗigogi suka tsaya sama su kaɗai. Ta ce, “Maman yarinya, kin ga wannan? Na 'yarki ne, na safiyar nan da kike faɗa. Shi da 'yan uwansa ne suka sa muka rage wa yara irinta magani. Yanzu haka akwai huɗu a ɗakin yara da ake ba su daidai saboda shi.” Matar ta ɗora yatsa a kan ɗigon, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, “To, alhamdu lillahi. Ashe ban riƙe ta a banza ba.” Ta yi mana godiya ta tafi.

Ni dai a bakin ƙofa na tsaya. Na sani sarai, da tsarina aka bi, matar nan za ta zo, za ta yi wannan tambaya, kuma abu biyu ne kawai za su rage min: ko in yi mata ƙarya, ko in ce mata a'a. Malama, ke kika tsamar da ni daga wannan, alhali ina yawo da wasiƙar korarki a aljihu.

Allah ya saka miki da mafificin alheri. Allah ya sa hutun nan ya zama na lafiya da kwanciyar hankali, ya albarkaci maigidanki da zuriyarku, ya ba mu mai maye gurbinki wanda ba ya jin nauyin tambayarmu. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu a hannunmu, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba na kwance lafiya. Allah ya shiryi masu gaggawa irina, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.